Gadon da Ke Kan Rufin Mota

Dilawar yana jiran layi a rumfar mai kayan sola a Rawalpindi, sai ga wani dattijo ya tsayar da ƙaramar bas ɗin da ya mayar ɗakin kwana, ya ce wa mai rumfar a ƙara masa farantin sola na huɗu a kan rufinta.

"Baffa, me kake kunnawa da har uku suka kasa?" in ji Dilawar.

"Fanka da ɗan firji. Amma kafin la'asar sai inbatar da ke ba su wuta ta fara kuka."

"Ai uku sun ishe ka. Wancan gadon igiyar da ka ɗaure a sama fa?"

"Ina ruwanka da gadona?"

"Inuwarsa tana kan faranti ɗaya. Kuma a jere aka haɗa maka su, wannan cikin wancan. Ɗaya ya shiga inuwa, sai ya ja sauran ƙasa. Sauke gadon kawai."

"Ba ya sauka. Matata ba ta iya barci sai a kansa. Garinsu zan kai ta, Hunza."

"To a raba farantan, kowanne da wayarsa, mai kauri. Fanka ko ta mutu ba komai. Firjin ne abin ji, tunda allura ce a ciki."

Dattijon ya dube shi. "Wa ya ce maka allura ce?"

"Ba wanda ke tada hankalinsa haka saboda ruwan sanyi."

"Kai mai gyaran wuta ne?"

"Direba ne ni. Allurar mahaifiyata ce ta lalace mana a wannan hanyar bara. Bayan nan na koyi harkar sola."