Ƙwarya Ɗaya, Tsakuwa Tara

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban magoya bayan Bajiman Dalijan, Alhaji Ɗahiru. Mai girma wakilin Maigari. Malam liman da sauran malamanmu. Mai horar da 'yan wasanmu, Malam Iliya. Uwarmu Inna Ladi, shugabar masu tallan nono, tare da dukkan iyayenmu mata. Baƙinmu da suka taso daga Gwandu da Kalgo. 'Yan wasa, yayyena da ƙannena. Jama'a maza da mata: Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Sunana Mufida, ina aji biyu na babbar sakandare. Kafin komai, ina neman afuwa da na yi ƙarfin halin rubuta wannan takarda, balle kuma tsayawa da ita a gaban iyayena. Ko a aji ba na cikin masu ɗaga hannu. Ban taɓa buga ƙwallo ba, ban taɓa shiga gidan kallo ba. Sau huɗu na karanta wa awakinmu wannan jawabi don in saba da muryata, kuma ba wadda ta tashi ta tafi, shi ya sa na samu ɗan ƙarfin zuciya.

Ina gode wa shugaba da ya ba ni minti biyar a taron da aka kira don addu'a da shirin tafiya Kalgo ranar Asabar, inda Bajimai za su kara da Taurarin Dangoma a wasan ƙarshe na Kofin Kaka. Ina gode wa Malama Faith, malamarmu, wadda ta duba mini rubutun, ta gyara waƙafi da aya, amma ta ƙi taɓa ko kalma ɗaya daga abin da nake son faɗa. Ina gode muku duka da kuka yi shiru.

Maganata uku ce.

Ta farko, ina so in tuna mana al'adarmu, domin baƙinmu su fahimta. A garin nan, duk ƙwallon da Bajimai suka ci, iyayenmu masu nono suna ba su ƙwaryar fura ɗaya. Duk ƙwallon da aka zura mana kuwa, sai a janye ƙwarya ɗaya. Al'ada ce mai daɗi, kuma bana ta yi mana daɗi ƙwarai. Mun ci biyar ba ko ɗaya, mun ci huɗu ba ko ɗaya, mun ci shida ba ko ɗaya, mun ci uku ba ko ɗaya. Ƙwallo goma sha takwas, ƙwarya goma sha takwas, ba a janye ko guda ba. Ranar da muka ci shida, har alƙalin wasa sai da ya sha fura, har direban da ya kawo abokan karawarmu sai da ya cika gora. Mun saba. Mun saba har muka manta cewa ana iya cin wasa ba tare da an ƙoshi ba.

Shi ya sa ranar Asabar da ta wuce, da za mu je Gwandu wasan kusa da na ƙarshe da Matasan Malisa, Inna Ladi ta sa aka dama ƙwarya bakwai. Ni na ɗauki ɗaya a kaina. Kowa ya san abin da ya faru: an tashi biyu da ɗaya. Mu muka ci. Ina so in sake faɗa, domin kwana huɗu ke nan ban ji wani ya faɗa da ƙarfi ba: mu muka ci.

Amma biyu a cire ɗaya saura ɗaya. Maza goma sha shida suka kewaye ƙwarya guda da ludayi uku, mu kuma muka sake naɗa gammo, muka ɗauko shida muka dawo da su. Mutanen Malisa, waɗanda aka fitar daga gasa, sun koma gida da kiɗa da rawa, wai sun zura wa Bajimai ƙwallo. Mu da muka yi nasara muka taho shiru, kowa fuska a ɗaure. A bakin tashar Gwandu wani dattijo mai sayar da rake ya dube mu cikin tausayi, ya ce, "Sannunku, Allah shi ba da haƙuri. Nawa anka ci ku?" Kawu Ibrahim ya ce masa, "Mu munka ci." Dattijon ya ce, "To, in kun ci haka kuke, ina son in ga ranar da anka ci ku."

Maganata ta biyu ita ce hukuncin da muka yanke bayan mun dawo. Na saurara a bakin rijiya, na saurara a wurin niƙa, na saurara a bayan shagon mai shayi lokacin da aka aike ni. Wasu sun ce nasarar da aka zura mata ƙwallo ba nasara ba ce. Wasu sun ce Malam Iliya ya tsufa, dabarunsa sun ƙare, shi da makon jiya ake ɗaga shi sama a kafaɗa. Wasu sun ce 'yan wasa sun yi ƙiba da fura, kuma masu wannan magana su ne suka fi kowa miƙo ludayi ranar shida ba ko ɗaya. Akwai ma wanda bai je Gwandu ba sam, amma ya fi kowa bayani. Da aka ce masa, "Kai da ba ka gani ba?" sai ya ce, "Mi zan gani? Na ga ƙore sun dawo cike."

Ban ce kada a yi gyara ba. Yayyena sun gaya mini haka ake yi a gidan kallo ma: babbar ƙungiya ta ci da ƙyar, magoya bayanta su fito suna faɗa, ƙaramar ƙungiya ta sha kashi kaɗan, nata su fito suna tafi. Na gane cewa son da muke wa Bajimai ne ya sa muke nema musu fiye da abin da muke nema wa kowa. Wanda ba ka damu da shi ba, ba ka ƙirga masa kuskure. Amma iyayena, akwai abin da ba ku gani ba, kuma ba laifinku ba ne, laifin wurin tsayuwarku ne.

Mu mutanen Dalijan, a bayan ragar abokan hamayya muke tsayawa, domin a nan ƙwallayenmu ke shiga. In an je hutun rabin lokaci aka sauya gida, sai mu kwashi takalmanmu mu bi ragar zuwa ɗaya gefen. Tun da aka fara gasar nan, ba wanda ya taɓa tsayawa a bayan ragarmu. Mu masu ɗaukar fura ne kaɗai ba mu motsawa, domin fura ba ta son rana, kuma a filin Gwandu bishiya ɗaya ce mai inuwa. Bayan hutu, ragar da ke gaban wannan bishiya ta zama tamu. Wanda ke tsaye a cikinta kuwa yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, Hamma Zayyanu, mai tsaron gidan Bajimai.

Kun tuna Muzzammil ya ci biyu kafin hutu. Kun tuna ana dawowa aka ba Nasiru jan kati, muka koma mutum goma. Daga nan ku kuna can nesa kuna jiran na uku, kuna tsaki don bai zo ba. Mu kuwa a gabanmu aka yi sauran wasan. Tsoro ya hana ni kallo sosai, sai na riƙa tsintar tsakuwa, duk ƙwallon da Hamma ya tare in ajiye ɗaya a kan faifai. Ya tare da hannu, ya tare da ƙafa, ya tare da ƙirji. Ya tare bugun fanareti, ya tashi bakinsa cike da ƙasa. Akwai wanda ya tare da fuska, har Inna Ladi ta ce, "Wayyo, wanga yaro bai yi aure ba tukuna!" Ga tsakuwar nan na zo da ita, shugaba, a ƙirga. Tara ce.

Na goma ya shiga. Ba zan ɓoye ba, kuskurensa ne. Ƙwallo ne mai sauƙi, ya zo masa daidai hannu, ya suɓuce ya wuce. Shi ma ya sani, ba ya bukatar a gaya masa. Amma da aka kewaye ƙwaryar nan guda, ludayi ya zagayo kansa, wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "Kai ai ka shanye taka cikin raga." Aka yi dariya. Na san wasa ne, mai maganar ma na san ba mugu ba ne. Hamma ya miƙa ludayin gaba, bai sha ba. Washegari da ya kora shanu, yara suka bi shi suna waƙar "Ɓarar-da-fura". Ya tsare mana gida wasa huɗu ba a zura masa ko ɗaya ba, ba a taɓa yi masa waƙa ba. Ƙwallo ɗaya ya shiga, ya samu waƙa har da amshi.

Yanzu zan faɗi laifina. Ranar Litinin da safe Hamma ya ba ni safar hannunsa ta tsaron gida, ya ce in kai wa Malam Iliya a makarantarmu, inda yake koyarwa, in ce masa ya nemi wani gola, shi ya bari. Na ce to. Ban kai ba. Malam, ka yi haƙuri, sau uku na zo ƙofar ofis na juya. Yau kwana biyu safar tana cikin jakata tsakanin littafin lissafi da na labarin ƙasa, kuma littattafan sun ɗauki warinta. Ke nan, jama'a, muna zaune muna shirin motocin Kalgo, alhali ba mu da mai tsaron gida. Wanda ke bin Hamma a tsaron gida shi ne Albarka tela, mutumin kirki, wanda ya ɗinka mana rigunan wasa, wanda kuma da bakinsa ya ce in ƙwallo ya taho da ƙarfi idonsa rufewa yake yi ba da izininsa ba.

Maganata ta uku roƙo ce. Al'adarmu ta san mai ci, ba ta san mai hanawa ba. Tana ƙirga abin da ya shiga, ba ta ƙirga abin da aka tare a ƙofa. Ban ce a soke ta ba, ni ma ina son ranar shida ba ko ɗaya. Ina roƙon a ƙara mata abu guda: duk ranar da Bajimai suka yi nasara, ko da kyau, ko da ƙyar, ko da rarrafe, a ware ƙwarya ɗaya wadda ba a janyewa, a kira ta ƙwaryar nasara, kuma mai tsaron gida ne zai fara sa ludayi. Ina kuma roƙon ranar Asabar, ko mutum goma ne, su haƙura da ganin ƙwallayenmu kusa, su tsaya a bayan ragarmu. Na kai wa Inna Ladi maganar jiya, ta ce, "Ɗiyata, nono dai namu ne, amma bakin da ya ɓata yaron na maza ne. Su gyara a gaban jama'a, ni ba ni hana ƙwarya."

Ban jira ba. Jiya na tatsi saniyar da kakata ta ba ni, nonon ya kwana, yau da safe na dama fura da hannuna. Ga ta nan a rufe a kan teburin shugaba. Ita ce ƙwaryar nasarar Gwandu, ta makara da kwana huɗu. Ga safar hannun kuma na ajiye a gefenta.

A nan takardata ta ce in dakata, in jira hukuncin shugaba. Na gode, Alhaji, na ga ka ɗaga hannu ka amince. Na ga hannun Kawu Ibrahim ma, shi da ya rantse ba zai je Kalgo ba. Hamma, kana can baya kusa da katanga, ka ja hula ka rufe ido, kana zaton ban gan ka ba. Ka yi mini faɗa a gida, na yarda. Amma fura ba ta son rana, kuma kai za ka fara.

Ku ba shi hanya, don Allah. Yara, wannan karon tafi kawai, ba waƙa.

Alhamdu lillahi. Safar ya fara ɗauka.

Allah ya saka wa shugabanninmu da alheri. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya albarkaci shanunmu da gonakinmu. Allah ya kai mu Kalgo lafiya, ya dawo da mu lafiya, mu da mutanen Dangoma baki ɗaya, ba rauni, ba faɗa. Allah ya ba Bajimai nasara, in ya ba mu mai yawa mu gode, in ya ba mu ta ƙwallo ɗaya ya ba mu fuskar da mai rake zai gane cewa mu muka ci.

A ƙarshe, shugaba, ranar Asabar zan zauna a bayan ragarmu da faifaina. In kun yarda, ina neman izini in sake rubuta muku abin da na ƙirga.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.