Fenti Muka Yi wa Taransifoma

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Daga Unguwar Mu'azu nake rubutowa, cikin baƙin ciki.

Maƙwabcina Baba Yohanna, tsohon ma'aikacin lantarki, ya ɗebo man taransifomarmu a kwalba, ya yi duhu kamar baƙin shayi. Ya ce takardar da ke naɗe da wayoyin cikinta ta tsufa, mu kai rahoto. Muka yi masa dariya. Sojoji sun sauka daga mulki, sabon kansila zai zo ziyara unguwar, sai muka shafa mata fenti kawai.

Ranar Laraba ta fashe, wuta ta cinye shagon ɗinkin matarsa, tana ciki.

Ni na riƙe burushin, Malam. Jama'a, ku ba ni shawara: da wane ido zan dube shi in yi masa ta'aziyya?