Kotu Ta Ba Mijin Auta Takara

AUTA: Salamu alaikum. Yaya? Kina ji na?

YAYA: Wa alaikumus salam. Auta, yau an tuna da mu? Ina wuni?

AUTA: Lafiya lau. Ya gida, ya yara?

YAYA: Suna makaranta. Ya naki?

AUTA: Alhamdulillahi. Ya ƙoƙari? Ya... maigidan?

YAYA: Tun safe ya tafi kotu, wayarsa a kashe. Mijinki dai ya hana mu sakat. Wai wace hayaniya ce haka a bayanki?

AUTA: Baƙi ne. Au, ashe ba ki ji ba?

YAYA: Ban ji me ba?

AUTA: Alƙali ya soke takarar.

YAYA: Ya sake me? Ɗaga murya, layin na yankewa.

AUTA: Ya soke! Ya ce tunda maigidanki bai ajiye aikin gwamnati ba kafin zaɓen fidda gwani, wanda ya zo na biyu za a ba.

YAYA: Na biyu. Mijinki ke nan.

AUTA: Wallahi Yaya, shi ya sa na ce gara ki ji daga bakina...

YAYA: Ikon Allah! Mutumin da mijina ya ɗauko daga aji, alli duk a rigarsa, ya kai shi ofishin jam'iyya. Ko gaisawa da jama'a bai iya ba.

AUTA: Haba, Yaya.

YAYA: Tsaya. Maganar aikin nan, wa ya sani? A ɗakina na gaya miki, kina kwance kan gadona kina gwada sarƙata.

AUTA: Lauya ne ya binciko, ni ban...

YAYA: Lauya ne ya zauna a gadona?

AUTA: Na rantse ba da niyya ba. Hira ce ta kawo.

YAYA: Hira! Ke dai haka kike tun muna yara. Ni in yi wahala, ke ki yi murmushi, a miƙa miki. Wata nawa ina girka wa wakilai abinci har hayaƙi ya cinye mini ido? Ga riguna masu hoton mijina jibge a falo, ko kwance su ba a yi ba. Yanzu ke ce matar ɗan takara. Ke za a buɗe wa ƙofar mota.

AUTA: Ai duk gida ɗaya ne. In ya ci, ba ke ce babba ba?

YAYA: Babbar 'yar rakiya, ko? Za mu ɗaukaka ƙara, ki gaya masa.

AUTA: To, Allah Ya zaɓa abin da ya fi...

YAYA: Dakata. Dariyar wa nake ji?

AUTA: Maƙwabta ne.

YAYA: Auta, ban san dariyar uwar da ta haife ni ba? Mama ce!

AUTA: Yanzu ta shigo, wallahi ko zama ba ta...

YAYA: Ranar da mijina ya ci zaɓen, cewa ta yi gwiwa ta hana ta fita. Yau gwiwar ta warke?

AUTA: Ga ta, wai in ba ki ku gaisa.

YAYA: Bar ta ta gama dariyarta.

AUTA: Yaya, don Allah ki saurara. Yaya? Yaya!