Laifin Rashin Haihuwarmu Ba na Wasila Ba Ne

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan asalin Zermu mazauna Damagaram, Alhaji Idirisu, malam liman, iyayenmu maza da iyayenmu mata, surukina Baba Sallau, da ya taso tun daga gida, 'yan'uwa baki ɗaya, ina gaishe ku da girmamawa. Na gode da aka ba ni wannan dama a taron zumuncinmu na bana, ko da yake har na miƙe tsaye ban tabbata ko daidai nake yi ba.

Sunana Mahamud. Kun san ni, kun san matata Wasila, kun kuma san shekarun da muka yi ba haihuwa. Kun ga saiwar da ta sha, kun ga rubutun da ta sha, kun ji sunan da ake kiranta da shi a gidan biki. Baba Sallau ya zo ne ya tafi da 'yarsa ta huta da gori. Ita kuwa, da na gaya mata gaskiyar lamarin, ta ce mini: "Malam, ba ni na kai maganar nan bainar jama'a ba. Inda aka faɗi tawa, can za ka faɗi taka." Shi ya sa na tsaya nan.

Da farko, laifin ba nata ba ne. Na je likita, aka yi mini analiz, wato gwajin maniyyi, aka sake yi. Lokotoro, wato likitan da ya duba ni, ya ce babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a maniyyina, domin 'ya'yan marainana, ku gafarce ni iyaye, ba su sauko mazauninsu ba tun haihuwata. Sun zauna a ciki, zafin jiki ya lalata su. Na ce masa, "To ai ni lafiyata lau da iyalina." Ya ce ƙarfin namiji daban, iri daban. Na yi karatun lakwal har kwaleji, amma wallahi wannan bambanci ban taɓa jin sa ba, kuma har yau in na juya shi a raina sai ya kuɓuce mini. Kawu Umar, ina ganinka kana murmushi. Garin maganin mazan da kake aiko mini ya yi aikinsa, sai dai ba nan matsalar take ba.

Na biyu, kuma shi ne ya fi rikita ni: an gani. Innata ta shaida mini cewa ranar da aka yi mana kaciya, ni da tsarana, wanzami ya duba ni ya kira babana gefe, ya ce, "Yaron nan jakarsa wayam take, amma kada ka damu, in ya balaga za su sauko." Babana ya yarda, domin a garinmu maganar wanzami a kan jikin yaro ita ce magana. Lokotoro ya ce ko a ranar an makara, tun ina goye ya kamata a yi mini aiki. To wa zan zarga? Wanzamin da ya faɗi abin da ya gada? Babana da ya yi kunya? Ko ni, da na girma ina ganin jikina, na ɗauka kowa haka yake? Ban sani ba.

Saboda haka, iyayenmu mata masu wankan jarirai, ku ne hannunku ke fara taɓa yaro. Ku laluba. In babu, a kai shi likita, kada a jira ranar kaciya.

Baba Sallau, 'yarka tana da hakkin ta haihu, ni kuwa ba ni da abin da zan ba ta. Ba na so ta tafi, kuma ba zan riƙe ta ba. Yadda waɗannan biyu za su zauna a zuciya ɗaya, ban gane ba tukuna. Wasila, na faɗa. Amsa taki ce, a gida, ba a nan ba.

Allah ya raya 'ya'yanku, ya tsare harsunanmu daga cutar da marar laifi, ya mai da kowa gidansa lafiya. Ni kuma ya ba ni ƙarfin karɓar abin da za ta ce.

Na gode.