Janye Ƙorafi a Kan Mai Goge Baranda

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban wannan asibiti. Babbar likitar sashen ciwon daji, wadda nake kira 'yata idan sakamako ya yi kyau, nake kira Likita idan bai yi ba. Shugabar nas-nas da rundunarta. Masu harhaɗa magani, masu ɗaukar hoto, masu tura keken marasa lafiya. 'Yan uwana masu jinya, na zaune da na jingine. Matanmu da mazanmu da 'ya'yanmu, waɗanda suka san bencinan wannan gini fiye da kafintan da ya ƙera su. Sannan wadda muka taru domin yi mata ban kwana, mai goge barandar ɗakin ƙarin ruwa shekara ashirin da shida, wadda dukanmu muke kira Sufeto: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gode wa Allah da ya tsayar da ni a kan ƙafafuna biyu a gabanku, alhali an yi lokacin da ta hagu ta ajiye aiki ba tare da ta ba ni sanarwa ba. Ina gode wa kwamitin shirya taro da ya zaɓe ni in yi magana a madadin masu jinya. Sun zaɓe ni ne don na yi shekara talatin da ɗaya ina shugabancin makarantar sakandare, suna zaton tsohon shugaban makaranta zai zo da yabo mai tsari. Da sun san abin da ke tsakanina da baiwar Allahn nan, da sun nemi wani. Maganata kashi uku ce: abin da ya kawo ni gidan nan, abin da na ɓoye, da abin da na rubuta.

Na farko. Kimanin wata goma sha takwas da suka wuce, ciwon dajin da ke huhuna, wanda muka ɗauka ya kwanta, ya tattara kayansa ya yi ƙaura zuwa sama. Wata safiya na ɗaga kai na ga ƙanin matata ya zama biyu, alhali ɗaya ma ya ishe ni. Kai ya riƙa sara, ƙafa ta riƙa ja. Aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, aka soka allura a bayana aka ɗebi ruwa, sannan Likita ta zaunar da ni da mai ɗakina ta ce ciwon ya kai ga tantanin nan da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce idan ya kai nan, galibi ba a maganar shekaru.

Amma ta ce akwai wani magani da za a gwada, na ƙarin ruwa, duk mako uku. Shi ba ya kashe ciwo da hannunsa. Masu gadin jiki yake kwance wa hannu, wato garkuwar da Allah ya halicce mu da ita, wadda ciwon ya yaudara ta riƙa buɗe masa ƙofa tana gaishe shi. Ta ce ba kowa yake yi wa aiki ba. Ta kuma ce mai gadin da aka kwance wa hannu wani lokaci ba ya tsayawa a kan ɓarawo, yakan juya kan 'yan gida, ya faɗa wa hanji ko huhu ko hanta. Don haka ta ba ni kati mai jerin alamu, ta ce ko ɗaya na gani in faɗa nan take. Na tambaye ta me zai faru idan na faɗa. Ta ce a dakatar da maganin na ɗan lokaci, ko kuma, idan abin ya yi tsanani, a tsayar da shi gaba ɗaya. Jama'a, ta yi bayani na minti ashirin, amma wannan kalma ta ƙarshe kaɗai na kai gida.

Bayan ƙarin ruwa na huɗu ƙanin matata ya koma ɗaya. Bayan na biyar na karanta jarida daga farko har ƙarshe, na kuma gano kurakurai goma sha bakwai a cikinta, abin da ya tabbatar wa iyalina cewa na dawo. Ku fahimce ni da kyau: wannan leda ta ruwa ita ce abu na ƙarshe da ya rage a kan teburin Likita. Babu wani a bayanta.

Na biyu, kuma a nan nake roƙon dattawa su yi mini afuwa, domin zan ambaci abin da ban taɓa ambata a gaban jama'a ba. Bayan ƙarin ruwa na shida, cikina ya ɓaci. Sau uku a yini, sannan biyar, sannan tara. Na ɗauko katin Likita, na ga abin yana layi na farko, na mayar da katin cikin ƙamus na rufe. Mai ɗakina ta tambaye ni me nake nema a banɗaki haka, na ce famfo nake dubawa, ina zargin yana yoyo. Ta ce shekara talatin da takwas muna tare ba ta taɓa ganin na taɓa famfo ba. Na sa ƙusa na huda wa bel ɗina sabon rami. Ranar ƙarin ruwa na bakwai aka miƙo mini takardar tambayoyi, na duba layin da ya ce gudawa, na rubuta babu, da kyakkyawan rubutun nan nawa da na sa hannu da shi a kan takardun shaidar ɗalibai dubbai.

Na yaudari takarda, na yaudari nas, na kusan yaudarar matata. Ban yi tunanin mai goge ƙasa ba. Waye yake tunanin mai goge ƙasa? Ina zaune a benci ina jiran sakamakon jini kafin a ɗaura mini ruwa, na tashi zuwa ƙarshen baranda sau huɗu cikin sa'a ɗaya, kuma kowane zuwa na bar sawun takalmina a kan jiƙaƙƙen siminti, ita kuwa tana bi tana gogewa. Ita ce kuma mai wanke banɗakin. Ba zan faɗi abin da ta gani ba, tunda an yi mana alkawarin shayi bayan taro.

Ta zo ta ajiye bokitinta a gabana, ta ce, ƙasa-ƙasa, "Malam, sau nawa tun safe?"

Na gyara zama na sanar da ita cewa wannan al'amari ne tsakanina da likitata. Ta tambaya ko likitar ta sani. Na dubi silin. Ta ce har da jini, ko? Na ci gaba da duban silin, wanda na lura yana buƙatar fenti.

Ta ce, "Ga baranda nan. Zan fara daga ƙofar nan in ƙare a teburin nas. Idan ka riga ni isa, ka faɗa da bakinka, da manyan kalmomin nan naka. Idan na riga ka, zan faɗa da nawa."

A nan girma ya faɗi. Ni da na kori ɗalibai ba tare da muryata ta yi rawa ba, na kama bakin mayafinta na ce, Iya, don Allah ki rufa mini asiri, idan suka ji za su tsayar mini da magani, kuma ba ni da wani.

Ta ce, "Na sani, Malam. Na taɓa yin shiru sau ɗaya. Wani tela ne, ya roƙe ni kamar yadda kake roƙona. Ni na wanke gadonsa."

Ta ɗauki bokiti ta koma ƙofa. Ku da kuka san barandar nan kun san ba ta wuce taku talatin ba, kun kuma san Sufeto tana gama ta kafin shayi ya huce. Ran nan ta yi rabin sa'a. Ta goge kowace kusurwa sau biyu. Ta canza ruwa ba tare da ya yi datti ba. Ta tsaya ta kankare wani tabo da na tabbata tun gina asibitin yake wurin. Ta ba ni duk lokacin da mai hankali yake buƙata ya tashi ya yi taku goma sha biyar.

Ina so in ce muku na tashi. Da jawabin ya fi daɗi. Ban tashi ba. Na zauna da hannuwana a kan gwiwa har sandar gogewarta ta taɓa ƙafar teburin nas, na ga ta sunkuya ta yi magana, na ga nas ta ɗago ta dube ni.

Ba a ɗaura mini ruwa ran nan ba. Gado aka ba ni. Aka zura kyamara ta hanyar da ba a taɓa ɗaukar shugaban makaranta hoto ba, Likita ta fito ta ce hanjina ya kumbura har ya kusan hujewa, kuma da ledar nan ta bakwai ta shiga jikina, ba ta san abin da za ta faɗa wa iyalina ba. Aka shiga ba ni maganin da zai kwantar da masu gadin nan da suka haukace. Rana ta takwas ta zauna a bakin gadona ta ce, Baba, ba za mu sake ba ka shi ba. Abin da na ji tsoro, shi ya faru, dalla-dalla.

Na uku, abin da na rubuta. Rana ta tara na nemi takarda da biro. Shafi huɗu na cika, zuwa ga mai girma shugaban asibiti, a kan wata ma'aikaciyar tsafta da ta wuce gona da iri, ta shiga hurumin likitoci, ta keta sirrin majinyaci, ta kuma jawo masa asarar maganin da rayuwarsa ta dogara a kai. Ban yi kuskuren harafi ko ɗaya ba. Na miƙa wa mai ɗakina ta kai ofis, ta karanta ta ajiye mini a kan ƙirji ta ce, Baban yara, hannuna ba zai ɗauki wannan ba. Ranar da aka sallame ni na dogara sanda na kai da kaina. Aka kira Sufeto aka yi mata tambayoyi, aka sa takardar a fayil ɗinta, kamar yadda ƙa'ida ta ce a yi da kowane ƙorafi. Ta san wanda ya rubuta. Duk da haka kowane zuwa sai ta ce mini, Malam, ya ƙarfin jiki, ɗaga ƙafa in goge. Ni kuwa in ɗaga, in kawar da kai.

Yau wata goma sha uku ke nan rabona da wannan magani. Duk wata uku ana saka ni a cikin na'urar nan mai ƙara kamar maƙera, kuma har zuwa hoton makon jiya abin bai motsa ba. Likita ta ce a jikin wasu, masu gadin da aka farkar ba sa komawa barci ko bayan an daina magani. Ta ce ba ta yi mini alkawarin komai ba, ni ma ban nemi ta yi ba. Cikin waɗanda muka fara zaman kujerun nan tare, da yawa ba su nan, kuma sun fi ni gaskiya, sun fi ni haƙuri. Ban san dalilin da aka bar ni ba. Na dai san ta hannun wa aka bar ni.

'Yan uwana masu jinya, daga gobe babu mai ƙirga sawunku. Ku faɗa da kanku. Ku faɗi gudawa, ku faɗi tari, ku faɗi ƙaiƙayi, ku faɗi gajiyar da ba ku san kanta ba. Ku faɗa wa nas ko da sa'ar jikarku ce. Idan kunya ta hana, ku rubuta. Idan tsoro ya hana, ku faɗi tsoron tukuna.

Mai girma shugaba, shekaranjiya na je ofis na tambaya, aka ce mini shafuka huɗun nan suna nan a fayil ɗinta, kuma da su za a rufe shi. Ina roƙo a gaban waɗannan shaidu a cire su kafin ta bar gidan nan, a sa wannan a madadinsu. Zan karanta: Ni mai sa hannu a ƙasa na janye ƙorafina, domin abin da ta faɗa gaskiya ne, abin da na rubuta a takardar tambayoyi ƙarya ne, kuma ina raye.

Iya, ban riga ki isa teburin nan ba, kuma na yi fiye da shekara ban iso gabanki ba. Ga ni na iso. Ki yafe mini.

Allah ya hutar da ke hutu mai albarka, ya ba gwiwoyinki sauƙi, ya sa 'ya'yanki su kula da ke yadda kika kula da iyayen wasu. Allah ya ƙara wa likitocinmu da nas-nas basira da juriya. Allah ya ba masu jinya lafiya, ya ba masu jiran su ƙarfin zuciya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, har da wani tela da ban taɓa sani ba. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode muku duka, kuma na gode, Iya.