Muryar Mma a Bayan Labule

Barkisu: Maimaita, Nusrat. Kin yi me?

Nusrat: Yaya, ko gaisuwa babu? Ya Jamus, ya sanyi, ya tsofaffin da kike kula da su?

Barkisu: Suna lafiya. Kamil ya ce kina laɓewa bayan labule kina yi wa Baba magana da muryar Mma. Mma da ta rasu shekara huɗu.

Nusrat: To ya ci abinci ko bai ci ba? Kwana biyu ya rufe baki, wai ba ya cin tuwon da ba matarsa Rahamatu ta tuƙa ba. Na shige ɗaki na ce, "Alhaji, tuwon nan shi zai ci kansa ne?" Sai da ya suɗe kwanon.

Barkisu: Innalillahi. Kar ki ƙara yi mini muryarta a waya.

Nusrat: Gara ni. Shi Yaya Kamil bai faɗa miki nasa ba? Duk safiya in Baba ya tambayi Mma, sai ya shafa gemu, "Baba, sai haƙuri, ta riga mu gidan gaskiya. Ƙarya haramun ce." Baba ya fashe da kuka kamar yanzu aka ɗauki gawar. Ran Talata tabarma ya shimfiɗa a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa. Wata daga unguwar Krofrom har da kawo shinkafar sadaka.

Barkisu: Tun yaushe yake gaya masa?

Nusrat: Tun azumi. Kullum.

Barkisu: Wato da safe Kamil ya kashe masa mata, da rana ke ki tashe ta. Halo? Kina jina?

Nusrat: Kina yankewa. Ci gaba.

Barkisu: Shekara takwas ina aikin nan, Nusrat. Mai ciwon mantuwa ba a gardama da shi. Labarin zai manta, baƙin cikin kuma ya wuni da shi bai san daga ina ya zo ba. Muryar nan ma, ranar da ya ɗaga labule bai gan ta ba, fita zai yi nemanta.

Nusrat: Ai ya fita.

Barkisu: Ya me?

Nusrat: Jiya. A tashar Kejetia wani direba da ya san shi tun zamanin da yake fataucin goro ya gane shi, yana bin motocin arewa yana leƙa tagogi, takalmi ƙafa ɗaya. Yaya Kamil ya ce kar a gaya miki. Ya sayo kwaɗo zai sa a ɗakin.

Barkisu: Ba wanda zai kulle ubana. Kai masa wayar, ki buɗe murya ki saurara.

Nusrat: Baba, ga waya.

Barkisu: Baba, ina wuni? An ce kana neman Mma. Ba ni labarinta mana, yaya take kawo maka tuwo?

Baba: Akwai wata a gidan nan tana kwaikwayonta. Na ƙyale ta, tana ƙoƙari. Amma Rahamatu ba ta taɓa barina in ci ni kaɗai ba. Zama take a gefen tabarma, tana mita tana sace mini nama. Shi ya sa na fita neman ta gaskiyar.

Nusrat: Yaya, ashe ya sani.

Barkisu: Kin dai ji. Ki fito daga labulen nan, ki zauna ki sa hannu a kwanonsa, da muryarki. In ya tambaye ta, ki ce ya ba ki labarinta. Kamil kuma ni zan kira shi. Baba, ka gane mai magana kuwa?

Baba: Ƙwarai. Ki gaya wa maigidanki goron da ya aiko duk tsutsa ce, kwando uku.