Ɓarawon Yana Kan Taga

A bencin shagon aski, wani dattijo ya dubi mutumin da ke gefensa.

"Malam, kanka har ƙyalli yake. Me za a aske?"

"Baba, labari ya dawo da ni. Mai askin nan, a labarin da yake ba ni, ya kawo ɓarawo har kan taga, wuƙa a baki, sai ya kakkaɓe min wuya ya ce, na gaba! Zuwana huɗu a satin nan. Matata ta fara bincika min waya."

"Ja maka rai yake, ɗana. Da sauranka."

"Kun san ƙarshen?"

Dattijon ya cire hula, kai duk tabon reza.

"Wata bakwai ina zuwa, ɓarawon bai shiga ba. Yanzu an koma labarin yarintarsa."